Kafin a raba mana dashe a Fagge, a tambayi ruwa

Duk damina sai an yi rabon dashe a Kano, kuma abin da aka fi miƙo mana a Fagge darbejiya ce. Ba ni da rigima da darbejiya. Tun da aka kawo ta daga Indiya zamanin Turawa take yi mana inuwa, ga jure fari. Sai dai ba ta jure kwanciyar ruwa. Saiwa ma numfashi take yi. In ruwa ya toshe ƙasa kwana da kwanaki, sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya zube. Mu kuwa wani sashe na unguwarmu kwari ne. Sunayen ma sun faɗa: Kantin Kwari, Kwarin Gogau.

Wanda ya taɓa shiga dajin Baturiya, can ƙasar Haɗejiya, ya ga yadda ruwa ke yi wa itatuwa rabon gado. Inda ambaliya ke daɗewa, giyayya ce da gabaruwa, suna tsaye cikin ruwa wata da watanni ko a jikinsu. Ka ɗan hau gaba, inda ruwan ke zuwa ya wuce ya bar danshi, sai kanya da ɗinya da goruba. Kuka sai can kan tudu. Babu wanda ya jera su haka. Ruwa ya kashe wanda bai iya ba, ya bar wanda ya iya, ya kuma kwaso iri da laka ya zube inda ya ga dama. Shi ya sa da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar Haɗejiya da Nguru ta sauya: wani wuri ya bushe, wani kuma ruwa ya ƙi janyewa har ciyawar kacalla ta cinye shi.

Rafin Jakara, wanda ke bi ta gefenmu ya haɗu da rafin Getsi ya nufi madatsar Wasai, shi ma da gaɓarsa da fadamarsa. Mun ɗaure shi da kankare, mun cike kududdufai mun dasa shaguna. Ruwan bai fasa bin hanyarsa ba. 'Yan Kwari da ya shiga wa dilolin atamfa a daminar 2022 ba sa bukatar bayani.

In na ce a dasa masu jure ruwa a kwarinmu, za a ce gabaruwa ƙaya gare ta, wa zai sa ta a bakin shago a Sabon Gari? Gaskiya ne, ni ma ba na son ta a ƙofar gidana. Amma bakin rafi da sauran kududdufan da suka tsira ba ƙofar gidan kowa ba ne, kuma majema har yau sayen 'ya'yanta suke don jima. Giyayya kuwa ko ƙayar ba ta da ita.

Ba na cewa itace zai hana ambaliya. Wannan aikin magudana ne da daina zuba shara a cikinta. Abin da nake roƙon masu rabon dashe shi ne su zaga Fagge a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, su rubuta inda ya kwanta da kwana nawa ya yi. Masu gayya da 'yan kura sun san wuraren nan layi-layi. Da wannan takarda za a je gandun rainon itatuwa, a ce a reno mana giyayya da kanya tun rani, domin a yanzu ko ka nema da ƙyar za ka samu a wurin masu sayar da dashe na bakin titi.