A ceci allunan gidajen abincin Sabon Birni da Isa kafin su shiga buhun ’yan gwangwan

Idan ’yan Sabon Birni ko Isa suka haɗu a Sakkwato, Kano ko Maraɗi, da wuya hira ta yi nisa ba a ambaci abinci ba. Wani ya tuna da mai tuwon bakin tasha wadda miyar kukarta ke ƙarewa kafin azahar, wani ya tuna da mai shayin da direbobi ke yada zango a teburinsa, wani kuma da mai balangun ranar kasuwa. Daga nan sai a fara lissafin wanda ya rasu, wanda ya yi hijira, da rumfar da ta zama kango. Wannan bege yana da amfani idan aka mayar da shi aiki, kuma aikin da ya fi sauƙi shi ne adana allunan waɗannan wurare tare da sunayen masu su.

A wasu ƙasashe an daɗe ana yin haka. A birnin Las Vegas na Amurka, tun 1996 aka kafa gidan tarihi na musamman don tsofaffin allunan lantarki na otal-otal da gidajen abinci da suka rufe. A Cincinnati ma akwai gidan tarihin alluna, haka nan a Warsaw ta ƙasar Poland. Sai dai a can, galibi canjin zamani ne da faɗuwar ciniki suka rufe wuraren. A gabashin Jihar Sakkwato, bindiga ce ta rufe mafi yawansu.

Mai karatu zai iya tuna yadda abin ya faru. A watan Mayun 2020, ’yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. A watan Satumban 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. A watan Disamban wannan shekara aka ƙone matafiya da ransu a cikin motar da ta taso daga Sabon Birni. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma bai dawo da rai ba. Ga kuma rufe iyaka da Nijar da aka yi a 2019, aka sake yi bayan juyin mulkin 2023.

Gidan abinci a irin waɗannan garuruwa da hanya yake rayuwa. Direba, kwandasta, ɗan kamasho, dillalin shanu, mai awo da fatake su ne masu ci. Ranar da mota ta daina wucewa, ranar tukunya ke sauka daga murhu. Kuma mai tuwo ɗaya ba ita kaɗai take ci ba: a bayanta akwai mai kawo itace, mai ga-ruwa, mai niƙa, mahauci, yarinyar da ke wanke kwanuka, da almajiran da ke jiran ƙanzo da yamma. Duk rumfar da ta rufe, gidaje da yawa ne suka rasa abin sawa a baki, amma ba a cika jin lissafinsu ba idan ana ƙidayar asarar da rashin tsaro ya jawo. Ana ƙirga gawa, ana ƙirga shanun da aka kora, ba a ƙirga murhun da ya mutu.

A nan allo ke da daraja. Yawancinsa falle ne na kwano ko katako, wanda mai fenti na gari ya rubuta wa suna da boko, wani lokaci da ajami, ya zana kwano da cokali ko kofin shayi. A idon ɗan gwangwan, ƙarfe ne da za a ɗora a sikeli a biya kuɗin da bai kai na kwanon abinci ɗaya ba. A idon gari kuwa, shaida ce cewa a wannan wuri an taɓa yin sana’a, an ci, an sha, an yi bashi an biya. Wanda aka raba da garinsa bai da takardar haya ko rasit, sau da yawa allon nan ne kaɗai abin da ya rage da sunansa a jiki.

Gobir ta san zafin rasa shaida. Alƙalawa, babban birnin daular da Bawa Jangwarzo ya mulka, ta faɗi a 1808, kuma kufanta na nan a cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. Sunayen sarakuna sun iso gare mu ta bakin maroƙa da alƙalamin malamai, amma sunayen waɗanda suka ciyar da kasuwar birnin sun tafi da ƙasa. Bai kamata jikokinmu su gaji irin wannan giɓi ba, a zamanin da kusan kowane matashi ke da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su ware ɗaki ɗaya a sakatariya don ajiye irin waɗannan alluna, da yardar masu su ko magadansu, a rubuta wa kowane allo sunan gari, wurin da yake da shekarar da aka rufe. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ta fi kowa sanin wanda ya yi abinci a kowace tasha, don haka ita ce ta farko da za a tuntuɓa. Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da Sashen Tarihi na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya tura ɗalibai su ɗauki bayanan masu abincin da ke zaman hijira a Sakkwato da yankin Gidan Rumji na Jihar Maraɗi. Wuraren da ba su taɓa kafa allo ba, waɗanda suna kawai aka san su da shi, su ma a rubuta su, domin su ne suka fi yawa.

Akwai sharuɗɗa biyu. Kada a tura kowa ƙauyen da ke hannun ’yan bindiga don ɗauko allo, domin babu ƙarfen da ya kai ran mutum. Kada kuma a watsa sunaye da hotunan masu rai a Facebook ba da izininsu ba, a yankin da tsoron ’yan leƙen asiri ya sa kowa ke tauna magana kafin ya furta.

Wani zai ce mutanen da ke neman tsira da rai ba su da lokacin tsohon kwano. Gaskiya ne tsaro shi ne gaba da komai, kuma alhakinsa na wuyan gwamnati. Amma wannan aiki ba ya cin kuɗin tsaro, kuma rajistar da za a samu za ta yi rana. Duk lokacin da gwamnati ko wata ƙungiyar agaji ta tashi raba jari ga waɗanda rikici ya karya, za a sami jerin sunayen masu sana’a na gaskiya, maimakon jerin da ’yan siyasa ke rubutawa a ɗaki. Ranar da hanya ta buɗe, mai tuwon da ta dawo gida za ta iya zuwa sakatariya ta karɓi allonta, ta sake kafa shi a bakin tasha.