Alhazan albasa, mi kuka bar ma gida?

Duk ranar da munka buɗe layin waya a rediyo kan maganar ci gaban karkara, sai wani ya kira ya ce: "Ina masu kuɗinmu?" Tambayar tana da nauyi, don muna da su. Albasar kwarin Tarka ta kai 'ya'yanmu Akara, Abijan da Kwatano, wasu sun tafi da jaka ɗaya sun dawo da kamyo. Ba mu yi musu hassada, Allah ya ƙara.

Amma mu dubi abin da ke faruwa a watan Maris da Afrilu. Albasa ta nuna gaba ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Manomi yana da bashin mai na injin ban-ruwa, da na taki, da na iri, dole ya sayar. Wanda ya ba shi bashin, sau da yawa shi ne mai saye. Bayan wata biyar ko shida, buhun nan ya ninka kuɗinsa, ribar kuma tana aljihun wanda ya iya ajiya. Sannan azumi ya zo, a raba shinkafa da sukari a ƙofar gida, a ɗauki hoto a saka a Facebook. Sadaka ce, Allah ya karɓa. Sai dai manomin nan yana nan inda yake, ɗansa kuma yana tasha yana jiran motar Abijan.

Ɗan kasuwa mai kishin garinsu, a ganinmu, shi ne wanda zai gina rudu ko magaza ta zamani inda ƙananan manoma za su aje albasarsu, ya ranta musu abin cefane har farashi ya tashi, ya ɗauki ribarsa ta halal a fili. Bai yi asara ba, su ma ba su yi ba.

Kuma akwai gadon da ke lalacewa muna kallo. Tun 1975 anka fara dashen layukan bedi a kwarin Majiya, wajen Buza, tare da ƙungiyar CARE, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984 aikin Keita ya fara da kuɗin Italiya da hukumar FAO. Iyayenmu mata su ne sunka ɗauki duwatsu a ka cikin rana, ana biyansu da abinci, har tsaunukan da sunka bushe sunka yi itace. Tsofaffin Keita har yau suna ambaton Renato Carucci, Bature ne fa, ba ɗan Adar ba. To baraji yana cika da yashi, ruwa yana cin shingen dutse kowace damina. Sai mun jira wani Bature ya sake zowa?

Mun san amsar da za a ba mu: aikin gwamnati ne, muna biyan haraji. Gaskiya ne, kuma magadan gari ba za su tsira daga bakinmu ba. Amma alhajin da kamyonsa ke ɗaukar albasa ya fi kowa sanin cewa in ruwan kwari ya ja baya, kamyon wayam zai tafi Akara. Kuɗin man tafiya ɗaya zai biya masu gyaran shinge na kwanaki.

Mai irin wannan aiki a ƙauyenku, ku faɗa mana, za mu je da makirfo mu gani da idonmu.