Makullin Gida a Hannun Maƙwabta: Abin da Korona Ta Tona a Unguwannin Amurka

Ranar 27 ga Maris, 2020, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar agajin gaggawa ta korona da aka fi sani da CARES Act. Ɗaya daga cikin tanade-tanadenta shi ne ɗaure hannun bankuna. Duk wanda ya sayi gida da bashin da gwamnatin tarayya ta tsaya wa, an dakatar da ƙwace masa gidan, kuma yana iya neman a ɗaga masa ƙafa kwana 180, in bai farfaɗo ba a ƙara masa wasu 180. Dalilin a fili yake. A watan Afrilu na shekarar marasa aikin yi a Amurka sun haura kashi 14 cikin 100, ga likitoci na roƙon kowa ya zauna a gida. To wanda aka kora daga gidansa, ina zai zauna?

Sai dai akwai wani mai bin bashi da dokar ba ta taɓa ba, kuma shi ya fi kowa kusa da ƙofar gida: ƙungiyar masu gidaje ta unguwa.

A yawancin sababbin unguwannin Amurka, kamfanin da ya gina unguwar ne ke kafa ƙungiyar tun kafin a sayar da gidan farko, ya ɗaura dokokinta a jikin takardun filin. Wanda ya sayi gida ya zama ɗan ƙungiya ko yana so ko ba ya so, kuma babu fita sai ya sayar ya tashi. Yana biyan kuɗin wata-wata, da su ake gyara titi da fitilu, a kula da wurin ninkaya da filin wasan yara. Kwamitin da mazauna ke zaɓa daga cikinsu, wanda ba a biyansa ko sisi, shi ke faɗin irin fentin da za a shafa, da tsawon ciyawar ƙofar gida, da lokacin da za a shigar da kwandon shara. Yana cin tara. A jihohi da dama yana da ikon ɗora bashin a kan gidan har ta kai ga gwanjo. Cibiyar Community Associations Institute ta ƙiyasta cewa Amurkawa sama da miliyan 70 ne ke zaune ƙarƙashin irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da 350,000, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane biyar. Ƙaramar gwamnati ce sosai, mai haraji da doka da hukunci, amma ba ta da birkin da ake sa wa gwamnati.

Ya kamata a ba 'yan kwamitocin nan haƙƙinsu. A makonnin farko na annobar, mutanen da suka karɓi aikin don kula da shara da fitilu sun wayi gari suna yanke shawarar da ta shafi rai. A rufe ɗakin motsa jiki? Mutum nawa za su shiga lif a lokaci guda? Idan wani a bene ya kamu, a sanar da maƙwabta ko a rufa masa asiri? Dokokin da ke hannunsu ba a rubuta su don irin wannan rana ba. A Fulorida, ikon gaggawar da doka ta ba su an tsara shi ne da tunanin guguwa, sai a 2021 aka gyara ya haɗa da annoba, aka kuma fayyace cewa ƙungiya ba ta da ikon hana mai gida ko ɗan haya ko baƙonsa shiga da fita. A Kalifoniya, dokar Davis-Stirling ta 1985 ta buƙaci a tanadi wani wuri da mazauna za su iya zuwa da ƙafarsu ko da ta waya ake taro, alhali gwamna ya hana taruwa. Sai a Satumban 2021 aka halatta taron bidiyo zalla a lokacin dokar ta-ɓaci. Cikin wannan ruɗani, kwamitoci da yawa sun yi abin a yaba: sun haɗa matasa masu yi wa tsofaffi cefane, sun yafe tarar jinkirin biya, sun bar mutane su numfasa.

Wasu kuwa ko gezau. A jihar Kolorado, binciken haɗin gwiwa da kafofin labarai na ProPublica da Rocky Mountain PBS suka wallafa a 2022 ya gano cewa ƙungiyoyin masu gidaje sun shigar da ƙararrakin ƙwace gidaje sama da 2,400 daga farkon 2018 zuwa farkon 2022, kuma annobar ba ta sa sun tsaya ba. Unguwar da ta fi jan hankali ita ce Green Valley Ranch da ke birnin Denver, kusa da filin jirgin sama, unguwar ma'aikata ce da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da baƙi 'yan ƙasashen waje suka yi yawa a cikinta. Ƙungiyarta kaɗai ta nemi ƙwace gidaje kimanin 50 a 2021.

Abin da ya fi ciwo shi ne mafarin bashin. Tabon baƙin mai a dandamalin ajiye mota. Kwandon shara da aka bari a inda ake hangensa daga titi. Ragar taga da ta yage. Takardar gargaɗi takan zo ta gidan waya, mai gida yana wurin aiki ko yana jinya, ko kuma Turancin takardar ya fi ƙarfinsa. Tara ta hau, ta jinkiri ta hau kanta, ruwa ya hau duka. Daga nan sai a miƙa wa lauya, shi ma ya ɗora kuɗin aikinsa a kan mai gidan. Kafin a ankara, ɗan tabon da sabulu da buroshi za su fitar ya zama bashin dubban daloli, kuma gidan da mutum ya yi shekaru yana biya yana hanyar gwanjo. Banki, wanda ya zuba maƙudan kuɗi a gidan, doka ta ce ya haƙura. Maƙwabtan da ba su sa ko bulo ɗaya a ginin ba, su aka bari da wuƙa da nama.

Masu kare ƙungiyoyin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ƙungiya ba ta da wata hanyar samun kuɗi sai aljihun mazauna, idan mutum goma suka ƙi biya, sauran ne za su ɗauki nauyinsu, kamfanin inshora da mai kwashe shara kuma ba sa jiran annoba ta wuce. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ta kuɗin hidima ce, ba ta shafi tarar ragar taga ba. Majalisar Kolorado ma haka ta gani. Dokar da Gwamna Jared Polis ya sa wa hannu a 2022 ta hana ƙwace gida a kan bashin tara kaɗai, ta tsayar da tarar laifin da bai shafi lafiya ko tsaro ba a kan dala 500, ta rage ruwan bashi zuwa kashi 8 cikin 100, ta kuma wajabta a ba mai bashi damar biya kaɗan-kaɗan har wata 18. Babu abu ɗaya a cikin waɗannan da kwamiti mai tausayi ba zai iya yi da kansa ba tun 2020.

Matsalar tana da wata fuska, kuma ta fi wannan muni. Tsarin da ke da zafin hannu kan ƙananan abubuwa yakan yi sanyin jiki idan babban abu ya taso. Da misalin ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na daren 24 ga Yuni, 2021, wani sashe na benen Champlain Towers South mai hawa 12 a garin Surfside, kusa da Miyami, ya rufta. Mutum 98 suka rasu. An gina benen a 1981, yana da gidaje 136, kuma ƙungiyar masu gidajen ce ke kula da shi. Tun 2018 injiniyan da suka ɗauko ya rubuta musu cewa abin da ke hana ruwa ratsa dandamalin wurin ninkaya ya lalace, ruwa na cin kankaren da ke ƙarƙashinsa, kuma a garejin ƙasa ginshiƙai sun tsattsage, kankare na ɓallewa, rodi ya fito fili yana tsatsa. An ƙiyasta gyaran a kan kusan dala miliyan 9. Aka shiga ja-in-ja kan kuɗi, har mafi yawan 'yan kwamitin suka ajiye aiki a 2019. Shekarar kulle ta zo ta wuce. Lokacin da aka amince da tara kuɗin a Afrilun 2021, lissafin ya kai dala miliyan 15, kowane mai gida zai biya daga kimanin 80,000 zuwa sama da 300,000.

Ba korona ce ta rushe benen ba, kuma masu binciken gwamnatin tarayya sun gano kurakurai tun daga zanen ginin da yadda aka gina shi. Duk da haka akwai tambayar da ba ta kauce ba: me ya sa babu isassun kuɗin gyara a ajiye? Dokar Fulorida a lokacin ta yarda masu gidaje su kaɗa ƙuri'a su ƙi zuba kuɗi a asusun ajiya, don kuɗin wata-wata ya yi sauƙi. Wane ɗan kwamiti ne zai dubi maƙwabcinsa ɗan fansho a cikin lif ya ce masa zai ninka masa kuɗi saboda ginshiƙin da ba ya gani? Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tsarin kansa yana tura mutane su jira ranar. Sai a Mayun 2022 majalisar jihar ta wajabta binciken lafiyar duk irin wannan benen da ya kai hawa uku idan ya shekara 30, ta kuma soke damar ƙin ajiye kuɗin gyaran ginshiƙai da rufi.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne akwai hukunci biyu da suka fi ƙarfin kwamitin maƙwabta. Raba mutum da gidansa bai dace a bar wa wanda suka taɓa sa-in-sa da shi kan wurin ajiye mota ba. Jinkirta gyaran da rai ya rataya a kansa kuma bai dace a bar wa ƙuri'ar waɗanda kuɗin zai fita daga aljihunsu ba. Duka biyun aikin doka ne. Abin da ya rage, na fitila da shara da mai gadi da duba tsoho mai zaman kaɗaici, nan ne maƙwabta suka fi kowace hukuma iyawa, kuma nan suka yi fice a lokacin kulle.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba, domin rukunan gidaje masu katanga da get suna ta yaɗuwa a Abuja da Legas, har Kano da Kaduna. Da dokar kulle ta fara aiki a Abuja da Legas ranar 30 ga Maris, 2020, shugabannin ƙungiyoyin mazauna ne a wurare da yawa suka yanke wanda zai wuce get: baƙo, mai aikin gida, direba, mai gyaran famfo. Su ne kuma ke karɓar kuɗin gas ɗin janareto da na masu gadi, kuma sanannen abu ne a yanke wa wanda bai biya ba wuta ko a tare motarsa a bakin get. A tsohuwar unguwa, idan mai unguwa ya matsa wa mutum, akwai dagaci, akwai hakimi, akwai limamin da zai sa baki. A bayan katangar rukunin gidaje, wanda ciyaman ya juya wa baya ba shi da wurin kai kuka sai kotu, ita kuwa sai mai kuɗi da haƙuri.

Majalisun jihohi na da damar rubuta iyakar wannan iko tun ba a kai ga abin da ya faru a Denver ba: abin da ƙungiya za ta iya cin tara a kansa, wanda zai saurari ƙorafi, da wajabcin karanta wa mazauna lissafin kuɗi kowace shekara. Kafin su yi, duk mai shirin sayen gida ko kama haya a irin waɗannan rukunai ya nemi a ba shi kundin dokokin ƙungiyar da lissafin bara ya karanta, ya kuma tambayi abin da ake yi wa wanda ya kasa biya wata uku, tun bai miƙa kuɗinsa ba.