Famfo Mai Fukafukai da Gangar Manja

Duk wanda ya leƙa wajen masu mai a kasuwar Tarauni da hunturu ya ga yadda manja kan yi nauyi, ya ƙi bin mazurari. A ganina, maganin wannan wahala shi ne famfo mai fukafukai, irin wanda Charles Barnes, mutumin Kanada, ya yi wa rajista a 1874.

A cikinsa akwai dunƙulen ƙarfe mai tsage-tsage, wanda aka gusar daga tsakiyar gidansa. Kowace tsaga na ɗauke da fiffike mai zamewa, bakinsa na shafar bango. Idan aka murɗa hannun famfon, gurbin da ke tsakanin fukafukan kan buɗe ta mashiga, nauyin iska ya turo mai daga ganga. Ta mafita kuwa sai ya tsuke, ya tunkuɗo shi waje. Abu mai kauri a hankali ake juya masa, domin ya sami sukunin cika gurbin. In ya daskare sarai, sai an ɗumama shi tukuna.

Yashi kan cinye fukafukan, saboda haka a riƙa tacewa. Famfon da ya taɓa kananzir kuwa, kada ya kusanci abinci. Malaman kimiyya, ku kwance guda a gaban ɗalibai, kowa ya murɗa da hannunsa.