Zauren Kwamfuta: Daren da harafin 'g' ya hana ni barci

Wannan makon sai kun yi haƙuri, za mu leƙa can cikin injin.

Daren Lahadi ina gwada wata 'yar manhaja da nake rubutawa, irin wadda ke tayar da kwamfuta. Na haɗa ta da GDB, manhajar farautar kuskure da Richard Stallman ya fara a 1986. Komai lafiya lau, har furosesa ta tsallaka daga tsarin bit 32 zuwa 64. Nan take GDB ta ce wai amsar 'g' ta yi tsayi, ta tsaya cak. Har ƙarfe uku ina zaune, ga aiki da safe!

To mene ne 'g'? A cikin furosesa akwai ƙananan ma'ajiyai da ake kira rijista, nan take riƙe lambobin da take aiki da su. Idan GDB tana kwamfutarka, manhajar kuma tana wata na'urar, da gajerun saƙonni suke magana. Kowane saƙo da alamar $ yake farawa, ya ƙare da # da lambobi 2 na tantancewa. Idan GDB ta aika 'g', cewa take yi: turo min duk rijistocinka.

Amsar kuwa dogon layi ne na lambobi, ba suna, ba waƙafi. A x86 mai bit 32, haruffa 8 na farko na eax ne, sai ecx, sai edx, sai ebx. Kuma ta baya suke zuwa: 12345678 zai iso a matsayin 78563412. Dole kowane ɓangare ya haddace jerin tun kafin a gaisa. Ni kuwa na'urata ta koma turo manyan rijistoci, GDB tana jiran ƙanana, don ban sanar da ita ba. Laifina ne.

Kada mu zagi magabata fa. Wayar da suke amfani da ita tafiyar hawainiya take, na'urar kuma ba ta da wurin ajiye dogon bayani. Amma abin da aka shuka ya tsiro. A tsohon tsarin ARM, an ware wa wasu rijistocin lissafi guda 8 gurbi, kowace bayit 12. Ko na'urarka ba ta da su, sai ta cike gurbin, bayit 96, don kada jerin ya goce.

Gyara ya zo a hankali. Akwai 'p' na karanta rijista ɗaya tak, da 'P' na rubuta ta. Idan ba a iya samo wata lamba ba, sai a jera 'x' a gurbinta maimakon a yi ƙaryar sifiri. Babban gyaran ya zo a 2007 da GDB 6.7: na'ura na iya turo takardar XML mai ɗauke da sunan kowace rijista, da girmanta, da lambarta.

Don haka ƙanina, ƙanwata, duk ranar da aka ba ku tsara yadda na'urori biyu za su yi magana, ku sa kowace ta fara faɗin ko ita wace ce. Wanda zai gaji aikin bayan shekara 20 ba ya cikin ɗakin da kuka yi yarjejeniyar.

Ni dai na gaya wa GDB cewa bit 64 muke, na sake haɗawa, ta kama. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.