Balan-balan ɗin Jules Verne bisa Damagaram

Mafi yawan ƴan lakwal ba su san cewa sunan Damagaram yana cikin littafin da ya fito da Jules Verne a idon duniya ba. Littafin shi ne Cinq semaines en ballon, wato mako biyar cikin balan-balan, wanda aka buga a Paris a shekarar 1863. Labarin wasu Turawan Ingila uku ne, Dokta Fergusson da abokinsa Kennedy da baransa Joe, waɗanda suka tashi daga Zanzibar cikin kwandon wani ƙaton balan-balan, suka ƙetare Afirka har kogin Senegal. A hanya sun bi ta tafkin Cadi, da Damagaram, da Agadas, da Gawo, da Tumbutu.

Verne bai taɓa taka ƙasar nan ba. A zaune ya rubuta, yana dogara da rahotannin matafiya irin su Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdul Karimu, wanda ya sauka Agadas a 1850, ya kuma isa Damagaram a ƙarshen 1852. Wannan kaɗai ya ishi mushe darasin mako guda. Ya kafa taswira a allo, yara su bi hanyar balan-balan gari-gari, su auna nisan, sa'an nan su tambayi dalilin da ya sa iskar hidrojen ke ɗaga kwando da mutum uku a ciki. Yaron da ke hamma a darasin lissafi sau da yawa yakan farka idan lissafin ne zai hana Joe faɗawa cikin tafki.

Amma littafin yana da ƙaya, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Baƙar fata a cikinsa galibi ko abin tsoro ne ko abin dariya. Birnin Damagaram kuwa, mai sarauta da kasuwa da ayarin fatake zuwa Tarabulus, abin da marubucin ya ga dama ya nuna a cikinsa shi ne filin da ake kashe masu laifi. Malamin da ya tsallake waɗannan shafuna ya cuci ɗalibansa, haka ma wanda ya karanta su ya wuce ba tare da cewa uffan ba. Abin da ya dace shi ne a tsaya a kansu, a tambayi yara wane ne ya rubuta, domin wa ya rubuta, me kuma kakanninsu suka ba da labari game da birnin a zamanin Sarki Tanimun.

Tafiyar wata ta fi sauƙin koyarwa. A De la Terre à la Lune, na 1865, igwa ce ta harba mutum uku daga Florida. A 1969 daga Florida ɗin Apollo 11 ya tashi, shi ma da mutum uku. Sai dai igwar Verne da ta niƙe matafiyan tun kafin su fita bakinta, domin ba jikin da zai jure a kai shi gudun kilomita 11 a daƙiƙa cikin ƙiftawar ido. Ɗan koleji da ya gano wannan kuskure da kansa ya fahimci abin da ya sa roka ke ƙara gudu sannu-sannu.

Saura batun harshe. Waɗannan littattafai da Faransanci suke, Faransancin ƙarni na 19 kuma, wanda ɗan CM2 ke tuntuɓe da shi tun layin farko. Alhali Hausa tana da nata: a 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Tun 1973 aka soma gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka ɗaga ta zuwa harshen ƙasa. Littafin Dembo ƙarami ne, mushe zai iya karanta wa kalas babi guda kowace Juma'a ya ƙare shi kafin hutu.