Amanar da Ke Cikin Lasisin Talabijin

Tun da gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a shekarar 1992, ta halatta wa 'yan kasuwa mallakar gidajen talabijin, ban ga tashar da ta shiga zukatan Hausawan unguwar Durumi ba kamar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, har ta kai ga idan an idar da sallar isha'i, sai mai shayi ya juyo da akwatinsa waje, leburori su yi sahu a benci suna dakon wasan kwaikwayon Daɗin Kowa. Amma lasisin da ake bai wa irin wannan tasha, a fahimtata, amana ce kafin haraji. Saboda haka ya wajaba hukuma ta riƙa bibiyar ladabin shirye-shirye kamar yadda take bibiyar kuɗin sabuntawa.